Hannun Rigar da Ya Ƙi Zama

Gwaggo, yayar mahaifina, ta yi kusan duk rayuwarta a ɗakin wanki na wani babban otal. Ɗakin a can ƙasan ginin yake, ba taga, sai tururi da ƙarar injina. Ta shiga tana budurwa mai ninke tawul, ta fito da furfura tana shugabar masu guga. A can ta koyi sanin yadi da yatsa: ta shafa riga sau ɗaya ta gaya maka irin zafin dutsen gugar da za ta iya ɗauka. A can kuma ta koyi ɗaga murya, don sai da ƙarfi ake jin mutum a tsakanin injinan. Har yau in tana yi maka raɗa, maƙwabta ma suna ƙaruwa.

Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗa guda, wanda yanzu yake gyaran firiji. Ita da shi da matarsa da 'yarsu suke zaune a saman wani tsohon bene, mu kuma muna hawan da ke ƙasa da su. Matar ɗan har yau Amarya ake ce mata, ko da yake 'yarta ta kusa kamo ta a tsayi. 'Yar kuwa sunan Gwaggo ta ci, shi ya sa Gwaggo take kiranta Takwara, kowa ma ya bi.

Tun tana aiki Gwaggo take saƙa da kwarashi, a mota in za ta, a mota in ta taso. Da ta yi ritaya sai abin ya zama annoba. Ta saƙa wa tebur riga, ta saƙa wa talabijin mayafi, butar shayi ma ta samu hula mai tuntu. Mahaifina ya ce shi ya daina daɗewa a falonta, kada ya yi gyangyaɗi ya farka ya tarar an saƙa masa murfi. Amma saƙar ba ta ba ta wahala, ita kuwa Gwaggo abin da bai wahalar da ita ba ba ya shiga ranta.

Wahalar ta zo ne a cikin akwatin ƙarfe. Yayarsu, wadda muke kira Gwaggo Babba, ta tsufa har ba ta iya zama ita kaɗai, za ta koma gidan 'yarta, sai ta aiko wa ƙanwarta da tsohon akwatin mahaifiyarsu. Ina nan aka buɗe shi. A ƙasan tarkacen, nannaɗe cikin zanen gado, akwai wata doguwar riga mai launin ganyen da ya fara bushewa. Asu ya cinye rabin gindinta, hannu ɗaya ne ya rage, amma abin da ya rage ɗin ya isa a kalla. An tattara kafaɗar da ƙananan ninki a jere kamar haƙoran matsefi, ga maɓallai ƙanana da aka lulluɓe da yadi sun gangaro daga wuya har ƙugu. Ko ɗinkin keke ɗaya babu a jikinta.

Gwaggo ta juya ta ciki, ta matso da ita kusa da tabarau, tana bin ɗinkin da yatsa.

"Rigar kakarmu ce," ta ce daga baya. "Ita ta ɗinka da hannunta. Dubi nan, kamar tururuwa ce ta bi layi. Ni ma sai na yi irinta."

Amarya ta ce, "Gwaggo, ai sai a kai wa tela ya kwaikwaya, kwana kaɗan ya gama."

"Tela ne ya ɗinka ta farkon?"

Amarya ta koma kan aikinta.

Rigar tana warin akwati, ga tabon tsatsa a ƙirjinta, Gwaggo kuwa ba ta iya aiki da abu mai datti. Ta ce za ta ɗan jiƙa ta tukuna. Ta tace ruwa mai sanyi a bahon roba, ta sa sabulu ɗan kaɗan, ta kwantar da rigar a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Da ta dawo ta sa hannu za ta ɗago ta, sai yadin ya biyo yatsunta kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ƙirjin ya narke, bayan ya tsage, ruwan ya koma kore. Abin da ta iya tsamowa shi ne hannun rigar da ɓangaren kafaɗar da yake manne da shi, da layin maɓallan, da wasu ƙyallaye da ba su fi tafin hannu ba.

Na hau sama na tarar da ita zaune a bakin ƙofar banɗaki, hannayenta a jiƙe.

"Garin neman gira," ta ce, ba ta ƙarasa ba. Can ta ce, "Rigunan mutanen da ban sani ba na wanke su shekara da shekaru, ko zare ɗaya bai taɓa tsinkewa a hannuna ba. Sai ta kakata."

Na ce ta yi haƙuri, tsufa ne ya ci yadin. Ta ce in yi mata shiru.

Da wani ne, da ya haƙura daga nan. Gwaggo kuwa ta shanya ƙyallayen a kan tawul, da suka bushe ta shimfiɗa su a kan tsofaffin jaridu, ta zana gefensu da alli, inda ya ɓace ta cike da abin da idonta ya tuna. Sannan ta shiga neman yadi. Ta bi shagunan layin masu yadi ɗaya bayan ɗaya, da ɗan ƙyalle a cikin jakarta, ni kuma ina biye da ita ranar da ba ni da aiki. Duk wanda aka warware mata sai ta murza shi tsakanin yatsu biyu ta ture.

"Wannan leda ce."

"Hajiya, auduga ce zalla," in ji mai shago.

"Ɗana, kunna ashana mu gani. In ya narke ka ba ni kyauta."

Ba wanda ya taɓa yarda ya kunna. Daga ƙarshe a shagon masu labule ta samo wanda ya yi kusa, shi ma launin bai yi mata ba, sai da ta rina shi da kanta a tukunyar da Amarya take ji da ita. Tukunyar ba ta sake komawa kan murhu ba.

Sai maganar wanda za a gwada a jikinsa. Kakar tasu 'yar siririya ce, gajera. Gwaggo kuwa ko hannunta ɗaya ba zai shiga rigar ba. Takwara ce kaɗai ta yi daidai, amma yarinyar tana makaranta, in ta dawo kuma ba ta iya tsayuwa wuri ɗaya, fil ɗaya ya taɓa ta sai ta ce an soke ta. Don haka Gwaggo ta ce za ta gina wa kanta mutum-mutumi mai tsayuwa. Ta samo wayar kejin kaji ta lanƙwasa, ta dama sitati, ta yi ta manna jarida a kai tana shafewa da tafin hannu, tana auna Takwara tana komawa tana ƙara nama a kafaɗa ko ta rage a ƙugu. Na farkon ya ƙi bushewa ya yi funfuna. Na biyun ya karkace kamar mai ciwon baya. Na ukun ya tsaya, ba kai, ba hannu, an kafe shi a kan sandar tsohuwar fanka. Ta ajiye shi a lungun falo kusa da taga. Mai kawo gas ya shigo ya gan shi, ya gaishe shi kafin ya gaida masu gida.

Jikin rigar bai ba ta matsala sosai ba, sai dai cin lokaci. Tana zama gefen taga da hantsi, lokacin da haske ya fi kyau, da gwangwanin biskit ɗin da take zuba zare da allura a cinyarta. In ɗinki ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo sai ta warware layin gaba ɗaya. Ta lulluɓe maɓallan ɗaya bayan ɗaya har yatsanta ya yi kanta. Ta jera su a gaban mutum-mutumin, daga wuya zuwa ƙugu, ta ja da baya ta kalla, ranar har waƙa na ji tana yi.

Sai hannu.

Ta yanka sababbin hannayen daidai da tsohon, ta tattara kafaɗar, ta ɗinka. Da ta cusa musu tsumma don su cika, sai suka ja da baya, kamar mutum-mutumin yana ƙoƙarin kamo wani abu a bayansa. Gaban rigar ya ɗame, bayan ya yi jaka. Ta warware. Ta sassauta tattarar, ta sake ɗinkawa, hammatar ta tattare. Ta warware. Ta musanya na dama da na hagu, sai suka ƙi shiga ramin kafaɗar sam. Ta sa Takwara ta gwada, ko laifin mutum-mutumin ne, yarinyar ta tsaya da hannaye a baya kamar kazar da aka kama za a kai kasuwa.

"Takwara, sauke hannunki."

"Ba ni na ɗaga ba, rigar ce."

"Rigar ba ta da hannu sai naki."

"To ai ba ta son nawa."

Amarya ta shige kicin da sauri don kada dariyarta ta fito.

Damina ta wuce, sanyi ya shiga ya fita, Gwaggo tana kan hannun riga. Gefen yadin ya fara zarewa saboda yawan farka, sai da ta koma shagon labule ta sake rini. Idonta ya fara ruwa, likita ya ƙara mata ƙarfin tabarau ya ce ta rage aikin allura, ta ce masa to, ta dawo gida ta ɗauki allura. Abinci yakan huce a gabanta. In ɗanta ya ce, "Inna, ki huta mana, wa zai sa ta ma?" sai ta ce ya je ya ji da firijin mutane.

Wata rana ta haɗiye girman kanta ta naɗe rigar muka gangara wurin telan da ke bakin layinmu. Dattijo ne mai tef ɗin awo a wuya ko da yaushe, ana cewa da shi yake kwana. Ya shimfiɗa rigar a kan teburinsa, ya juya ta, ya ja hannun, ya karkata kai.

"Aikin ya yi kyau, Hajiya. Amma wanda ya yanka hannun nan bai iya ba."

"Kakata ce."

"Allah ya jiƙanta. Ki bar mini ita, in yanka miki sabon hannu irin na yanzu, in bi da keke, in sa zif a gefe. Gobe ki aiko a karɓa."

"Zif."

"Mai kyau, ba ya tsatsa."

Gwaggo ta naɗe rigarta ba ta ce masa ko sai an jima ba. Har muka iso gida tana maimaita kalmar a ƙasan maƙoshi kamar ta haɗiyi ƙashi.

Saura mutum ɗaya da ya taɓa ganin rigar a jikin mai ita, wato Gwaggo Babba. Sai da muka hau mota biyu kafin muka isa. Tsohuwar ta rungume rigar ta yi hawaye, ta ce kamar kakar ce ta shigo ɗakin. Amma da aka zo tambaya, sai labari ya yi ta rassa. Ta ce rigar shuɗiya ce. Gwaggo ta nuna mata tsohon ƙyallen, ta ce to wata ce shuɗiyar. Ta ba mu labarin akuyar da kakar take da ita, da maƙwabcin da ya sace mata guga.

"Yaya, hannun nake tambaya. Yaya yake zama a jikinta?"

"Lafiya lau yake zama. Abin da na tuna dai akwai farin leshi na saƙa a wuyan, ta gaba, yana saukowa kan ƙirji. Ba ki sa ba."

Gwaggo ta dawo da sabon aiki a kan tsoho. Ta nemo zare siriri kamar gashi da kwarashin da ya fi kowanne ƙanƙanta, ta saƙa leshin, ta ɗinka shi a wuya sama da maɓallan. Hannun kuwa ta gaji. Ta mayar da shi yadda tsohon yake tun farko, tunda ta nan kaɗai yake yarda ya shiga, ta ƙulle zaren ta cije shi.

"Na gama," ta ce mini. "Aikin baban giwa. Ko dai ni ce ban iya ba, ko kakata haka ta yi ta yawo kamar an ɗaure ta."

Ta sa wa mutum-mutumin rigar, ta juya shi ya fuskanci bango.

Rigar ta daɗe a nan tana shan ƙura, har makarantar su Takwara ta shirya wasan kwaikwayo na ƙarshen zango. An ba Takwara matsayin wata tsohuwa mai gidan haya, mafaɗaciya, wadda take korar 'yan haya da tsintsiya, aka ce kowa ya nemo kayansa. Yarinyar ta zo tana murza yatsu ta ce ko za a ara mata rigar.

"Wato da kika ji an ce mafaɗaciyar tsohuwa, rigata ce ta faɗo miki."

"A'a, malama ce ta ce a samo kayan mutanen da."

Gwaggo ta ce ba za ta bayar ba. Washegari ta goge ta da kanta, ta ninke a cikin zanen gado, ta miƙa mata da sharaɗin kada ta ci komai tana sanye da ita.

Ranar wasan muka je gaba ɗaya, har da Gwaggo Babba da 'yarta ta kawo a keken guragu. Zauren ya cika da iyaye, fankoki suna juya zafi. Gwaggo ta zauna ta harɗe hannu, ta ce ita ta zo ne ta ga kunyarta a bainar jama'a. Aka ja labule, aka yi ta shiga da fita, can sai ga Takwara ta fito da tsintsiya.

Ban gane rigar ba da farko. Gabanta a shafe yake sumul, ba maɓalli ko ɗaya, ya kwanta a ƙirjin yarinyar kamar a jikinta aka yanka. Kafaɗun sun tashi daidai, hannayen sun sauko sun ɗan lanƙwaso gaba yadda hannun mutum yake yi in ya sake shi. Ta ɗaga tsintsiya sama, ba abin da ya ja. Da ta juya za ta bi ɗan haya, sai ga maɓallan a jere a gadon bayanta, farin leshin yana lilo a ƙeyarta. Ashe a ɗakin shiri an yi sauri, wata ƙawarta ce ta zura mata rigar ta ɓalla maɓallan yadda ta ga ta fi shiga.

Gwaggo ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Baya ne," ta ce, da raɗar nan tata da layi uku suka ji. "Maɓallan na baya ne."

Gwaggo Babba ta gyaɗa kai tana kallon dandamali da murmushi. "Ƙwarai kuwa. Ai ni nake ɓalla mata su ina yarinya, sai na hau kujera nake kaiwa na sama."

Gwaggo ta juyo gaba ɗaya a kan kujerarta.

"Yaya. Na zo har gida na tambaye ki."

"Hannu kika tambaye ni. Ba ki tambaye ni maɓalli ba."

"Na shimfiɗa miki ita a cinya."

"To ni na san ta ina kike sa ta? Ba a jikin mutum na gan ta ba."

Wani uba a gabanmu ya waiwayo ya ce don Allah a yi shiru. Gwaggo ta juya ta fuskanci dandamali. Da aka tashi, iyaye suka yi ta zuwa suna yaba rigar, wata mata ta ce leshin bayan nan ne ya fi burge ta, ba ta taɓa ganin irin salon ba. Gwaggo ta ce mata ta gode, da fuskar wanda aka taka wa ƙafa.

A mota ta ce mini da ba ta jiƙa tsohuwar rigar ba, da kallo ɗaya za ta yi wa ƙirjin ta gane gaba da baya. Ta ce kuma telan nan da yake ta baza tef a wuya, shi ma bai gani ba. Wannan ne kaɗai ya ɗan sanyaya mata rai.

Ta yi makonni ba ta ɗaga wayar yayarta ba. Ta zauna gefen taga ta farke leshin daga inda yake, sai ta tarar an saƙa shi ne daidai da yankan wancan gefen, ba zai kwanta a wannan ba. Ta sake saƙa wani. Kafin ta gama, Takwara ta yi tsawo ta yi kafaɗa, maɓallan suka daina haɗuwa a bayanta. A duk dangi aka rasa wadda rigar za ta shiga. Makarantar ta aiko shekara ta gaba tana neman aro, Gwaggo ta ce a gaya wa malamar ta mutu, aka tambaye ta wace ce ta mutu, ta ce duk wadda ta fi sauƙi, ita ko rigar.

Yanzu idonta ya ƙara rauni, ni nake zura mata zare in na hau sama. Sun shirya da Gwaggo Babba, har aka kawo ta ta wuni a wurinmu kwanakin baya. Tsohuwar ta daɗe tana kallon rigar, ta shafa sabon leshin ta ce yanzu kam ya yi. Sannan ta ɗaga gindin rigar ta leƙa.

"Ina ta cikin?"

"Wace ta ciki?"

"Akwai farar da take sawa a ƙasa, mai faɗi, ita take sa ta buɗe. Ba a sa wannan ita kaɗai."

Gwaggo ta rufe ido ta daɗe. Na ɗauka za ta kore mu ne gaba ɗaya. Da ta buɗe sai ta jawo kujera ta zauna dab da yayarta, gwiwa na taɓa gwiwa.

"To, Yaya, yau ba inda za ki. Za ki faɗa mini komai tun daga sama har ƙasa. Ta ina ake ɗaure ta, gaba ko baya?"

Gwaggo Babba ta yi tunani sosai, ta ce ita dai ta tuna akwai igiya.